Malama Murna da Milimita Bakwai

A Malumfashi, in ka ce Malama Murna, yawancin waɗanda za su gane wadda kake nufi iyayen yara ne. Ita ke riƙe da 'yan aji ɗaya a wata firamare da ke bayan kasuwa, kuma ta daɗe a ajin nan har wasu daga cikin waɗanda ta koya wa riƙon fensir sun fara kawo mata ƙannensu na goye. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, in dariya ta kama ta sai ta kare baki da bayan hannu.

A wani ƙauye kan hanyar Kafur aka haife ta, gidan manoma Kirista. Tana kwalejin horon malamai mahaifinta Buba ya rasu, mahaifiyarta Tasalla ce ta ƙarasa mata karatun da sana'ar daddawa. Tana fara aiki ta auri Sulemanu, manomin masara da waken suya, mai ɗan shagon taki da maganin feshi kusa da tasha. Mutum ne mai haƙuri, bai iya faɗa ba. Sai dai in abu ya dame shi ba ya faɗi. Babur ɗinsa zai hau ya tafi gona, ya dawo da yamma ya tambayi abin da aka dafa.

A shekararsu ta farko ta sami ciki. Yana wata uku ya zube, ana tsakiyar damina. Jini ya ƙi tsayawa, aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi aka yi mata wankin ciki. Ba a jima ba zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, aka mayar da ita aka sake wankewa. Ta warke, ta koma makaranta, kowa ya ce mata yarinya ce, wani na nan tafe. Abin da ta lura da shi, wanda ba ta gaya wa kowa ba, shi ne al'adarta ta dawo 'yar kaɗan, ba kamar da ba. Haka ta yi ta raguwa, tana tsallake wata, tana tsallake biyu, har ta ɗauke gaba ɗaya tun Murna ba ta cika talatin da biyar ba.

A tsakanin nan babu abin da ba ta sha ba. Ta sha sassaƙe, ta sha jiƙo, ta yi azumi, matan zumunta na cocinsu sun kewaye ta sun ɗora mata hannu sun yi addu'a. Surukarta, Inna Uwa, ba ta taɓa gaya mata baƙar magana ba. Ta dai daina tambaya, kuma Murna ta fi jin zafin dainawar. A hankali ta zama wadda ake nema ranar suna, domin tana da hannun tuwon taro kuma babu goyon da zai raba mata hankali. Ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen tafiya, ta koma gidan da babu abin da ya motsa daga inda ta bar shi.

Wata ma'aikaciyar jinya da aka taɓa kawowa aiki garin ce ta kwatanta mata wani asibiti a Kaduna inda ake dashen ciki. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta gaya wa Sulemanu. Bayan an kwashe amfanin gona suka shirya suka tafi tare.

Likitar mace ce mai 'yar furfura, ana ce mata Dakta Rukayya. Da sakamakon gwaje-gwaje ya fito ta zaunar da su, ta yi musu magana da Hausa ba tare da kwana-kwana ba.

"Malama, ƙwan haihuwarki ya ƙare da wuri. Yakan faru, ba laifinki ba ne, kuma babu maganin da zai dawo da shi. Maigida lafiyarsa lau." Ta dakata ta dube su. "Akwai hanya guda. Akwai mata matasa da ke ba da ƙwansu, sai an gwada lafiyarsu tukuna. A haɗa ƙwan da maniyyin maigida a nan wurinmu, in ya zama ɗan tayi a dasa miki. Ke za ki ɗauki cikin, ke za ki haifa, ke za ki shayar. Mai ƙwan ba za ki san ta ba, ita ma ba za ta san ki ba. Wasu addininsu bai yarda ba, wasu zuciyarsu ce ba ta yarda ba. Ku je ku yi shawara, ba abin gaggawa ba ne."

Daga Kaduna har Zariya, daga Zariya har Funtuwa, har suka sauka Malumfashi, Sulemanu bai ce uffan ba. Murna ta ɗauka maganar ta mutu. Sai wata safiya yana ɗaure buhu a bayan babur, bai ko juyo ba, ya ce, "Malama, abin nan da likita ta faɗa. In kin yarda, ni na yarda."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Amma kada Inna ta ji. Kada Fasto ya ji, kada mahaifiyarki ta ji. Ni ma in na yi nawa, don Allah kar ki riƙa tayar mini da zancen. Ba zan iya ba."

"To, Maigida," ta ce. A ranar gani ta yi sharaɗin ba shi da wani nauyi.

Ya sayar da fadamar da ya gada. Ga masu tambaya ya ce shago zai faɗaɗa. Ya koma Kaduna sau ɗaya ya yi abin da aka nema daga gare shi. Bayan wani lokaci aka kira Murna a waya aka ce an sami 'yan tayi huɗu masu kyau, an daskarar da su, suna nan suna jira. A bayan ajinta ta amsa wayar, jikin bishiyar darbejiya, yara na ta maimaita baƙaƙe da ƙarfi. Ta ji tana son ta gaya wa wani, ko wane ne. Ta duba dama da hagu, babu kowa sai mai sayar da rake a bakin ƙofa. Ta koma aji.

Daga nan hanyar Kaduna ta zama tata ita kaɗai. Da sassafe take fita don ta dawo da rana tsaka ko la'asar, saboda hanyar ba ta yamma ba ce a shekarun nan na rashin tsaro. A makaranta ta ce gyambon ciki ke damunta, asibiti take zuwa.

"Saura shimfiɗa," in ji Dakta Rukayya ranar da ta ba ta ƙwayoyin farko. "A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi da ke yin kauri, a jikinta ɗan tayi ke maƙalewa ya samu abinci. Waɗannan ƙwayoyin za su sa ta yi kauri. Za mu riƙa auna ta a hoton ciki. Muna so ta kai milimita bakwai, in ta kai takwas ma ya fi."

Washegari da aka fita hutun ƙarfe tara, Murna ta ɗauki rular da ke kan teburinta ta ƙirga 'yan layukan nan ƙanana guda bakwai. Ta ɗora farcen ƙaramin yatsanta a kai, ya rufe su. Ta yi murmushi. In dai wannan ne kawai ya rage, ai an gama.

Ta sha ƙwayoyin a kan lokaci. Suka sa mata tashin zuciya da ciwon kai, ƙirjinta ya yi nauyi. Ranar awo ta kwanta a wani ɗaki mai sanyi, likitar na kallon allo tana danna maɓalli. Daga ƙarshe ta juyo.

"Biyar," Dakta Rukayya ta ce. "Mu ƙara kwanaki mu gani."

Aka ƙara kwanaki, ta koma, biyar ɗin ce. Aka soke dashen wannan karon. Zagaye na biyu aka ƙara yawan maganin, aka haɗa da wani na matsawa. Shimfiɗar ta tashi biyar da rabi ta tsaya. Shi ma aka soke.

"Dakta, akwai abin da zan ci?" ta tambaya. "An ce dabino, an ce zogale."

"Ki ci, suna da kyau ga jiki. Amma ba zan ce miki su za su ɗaga ta ba."

Ta ci duk da haka. Ta yi ta cin dabino har haƙoranta suka fara tsami. Kullum da ta dawo daga Kaduna, Sulemanu zai ce, "Sannu da hanya, ya gajiya?" Ta ce, "Da sauƙi." Zai dubi fuskarta sau ɗaya ya karanta abin da ke ciki, ya sunkuyar da kai. Wani lokaci ya fita ya dawo mata da tsire. Ta san wannan ce tambayarsa kuma ita ce jajensa. Amma tsire ba ya sauraro, ita kuwa abin da take so ta faɗi lambar nan da baki, wani ya ji.

A ɗakin jiran asibitin ta haɗu da Najiba. Ta ji ta a waya tana cewa a aika wa mai awon hatsi a Funtuwa, sai ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ashe 'yar gida ce." Najiba matar wani ɗan kasuwar hatsi ce, gajeruwa mai fara'a, shekarunta tara da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Tun daga ranar suka riƙa daidaita zuwansu. Su hau mota ɗaya daga tashar Kawo, Najiba ta buɗe robar dambun nama, ta yi ta zuba labari har Funtuwa. Ta nuna wa Murna cikinta da allurai suka yi wa tabo, ta kwaikwayi tafiyar wani ma'aikacin asibitin har Murna ta yi dariyar da ta manta ba ta kare baki ba. Ita ce mutum ta farko da Murna ta iya ce wa "biyar da rabi" kuma ta fahimta.

"Kai, Malama, Allah ya ƙara mata," in ji Najiba. "Ni tawa goma ce, ƙwan ne ke ba ni wahala. Da ana rabawa da na yanko miki biyu."

Wata rana sun wuce Giwa, Najiba ta matso ta rage murya. "Kin ga 'yan matan nan da ke shiga ta ƙofar baya? An ce ƙwansu suke bayarwa a dasa wa wasu. Ni ma Dakta ta taɓo mini maganar, in nawa ya ƙi. Na tambayi malaminmu ya ce bai halatta ba. Ni ko ba don haka ba ma, anya zan iya? Kullum ki riƙa kallon yaro kina neman fuskar wata?" Ta girgiza kai. "Ke ƙwai nawa aka ciro miki?"

"Huɗu suka yi," Murna ta ce, tana kallon gonakin dawa ta taga.

"Ma sha Allah. Kin fi ni."

Ba da mugunta Najiba ta faɗa ba, Murna ta san haka. Ta ci gaba da zama kusa da ita a mota, ta ci gaba da cin dambun. Sai dai tun daga ranar akwai wurin da take tsayawa in suna hira.

Najiba aka fara yi wa dashe, kuma ya kama tun karon farko. Ta kira Murna tana kuka tana dariya. Murna ta taya ta murna da gaske. Bayan haka aka ce Najiba ta kwanta ta huta, ta daina zuwa Kaduna. Sukan yi waya, amma Najiba ta riƙa jin nauyin ba da labarin laulayinta, Murna kuma ba ta da sabon labari. Gaisuwar ta yi ta gajercewa har ta koma saƙon barka da Juma'a da barka da Lahadi. Murna ta koma sayen kujerar gefen taga.

A lokacin nan ne Tasalla ta zo daga ƙauye ta kwana biyu, da ƙullin daddawa da wani sassaƙe da ta ce daga Matazu aka kawo mata. Tana gyara gado ta ci karo da kwalin ƙwayoyi a ƙarƙashin matashi.

"Wannan fa na mene ne?"

"Na gyambon ciki ne, Inna."

Tasalla ba ta iya karatu ba, amma ta juya kwalin ta dubi hoton da ke jiki, ta dubi 'yarta. Ta mayar da shi inda ta gan shi. "Zo in yi miki kitso, kanki ya tsufa," ta ce.

Murna ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafun uwarta, kamar tana yarinya. Yatsun tsohuwar na tsaga gashin a hankali, warin daddawa da man kaɗanya na tashi daga zanenta. Murna ta ji tana son ta gaya mata gaskiya. Ta buɗe baki ta ce, "Inna."

"Na'am."

Ta tuna bayan Sulemanu a sunkuye kan babur. "Kar ki ja da ƙarfi," ta ce.

Da aka soke zagaye na uku, Dakta Rukayya ta ce a shiga da wata 'yar na'ura mai ido a duba cikin mahaifar. Da yake za a sa ta barci, dole wani ya raka ta, Sulemanu ya zo. A waje ya zauna, gindin bishiya. Da ta farfaɗo likitar ta ce mata, "Mun ga tabo. Wankin cikin nan na da, da zazzaɓin da ya biyo baya, sun bar wurare da suka manne da juna. Mun raba su. Amma inda tabo ya zauna, shimfiɗa ba ta tsirowa kamar sauran wuri."

Murna ta kwanta tana kallon rufin ɗaki. Shekara da shekaru ta yi tana tambayar Allah abin da ta yi. Ashe amsar tana wani ɗan ɗaki mai warin magani, wata damina da ta wuce, lokacin da ba ta ma san inda kanta yake ba. Ba ta ji haushin kowa ba, domin ta san a ranar ranta aka ceta. Gajiya kawai ta ji. Sulemanu ya shigo da lemo, ya ɓare mata, ya riƙa miƙa mata ɓari-ɓari. Bai tambayi abin da aka gani ba.

Bayan aikin, shimfiɗar ta ɗan motsa. A zagaye na gaba ta kai shida da ɗigo uku, ta tsaya nan. Dakta Rukayya ta cire tabarau ta ajiye.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba. Da wannan kaurin ana samun ciki. Na ga an samu, na ga an haihu. Amma waɗanda ke samu ba su kai yawan masu bakwai da takwas ba, ɓari ma ya fi yawa a cikinsu. In cikin ya zauna kuma sai an sa ido sosai, don wani lokaci jaririn kan zo ƙarami, ko jinin uwa ya hau. 'Yan tayin masu kyau ne, ƙwan na mai ƙuruciya ne, ba daga nan matsalar take ba. Za mu iya ci gaba da jira. Amma mai yiwuwa iyakar abin da mahaifarki za ta yi ke nan. Shawara taku ce."

Murna ta fita baranda ta kira Sulemanu. Yana gona ana sussukar masara, ƙarar inji ta cika wayar.

"Maigida, likita ta ce bai kai ba, amma za a iya gwadawa. Ta ce mu zaɓa."

"Me? Ɗaga murya!"

Ta dubi mutanen da ke wucewa. Ba ta iya ɗagawa ba. Ta maimaita a hankali. Ya matsa daga injin, ta ji numfashinsa.

"Duk yadda kika gani, Malama," ya ce.

Ta tsaya riƙe da ƙarfen baranda har hannunta ya yi sanyi. Sannan ta koma ciki ta ce a dasa.

Guda ɗaya aka dasa. Abin bai ɗauki lokaci ba, bai ma kai tsawon kiran sunayen 'yan aji ba. Ta dawo gida tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Ta daina ɗaukar bokiti, ta riƙa koyarwa a zaune. Da lokacin gwajin jini ya yi ta tafi Funtuwa ta yi, don a Malumfashi kowane mai gwaji uban ɗalibinta ne ko ɗan cocinsu. Saurayin da ya miƙo mata sakamakon ya ce, "Babu ciki, Hajiya," ya juya ga na bayanta.

Ta je tasha ta zauna a benci. Motar Malumfashi ta cika ta tashi, wata ta cika ta tashi, tana zaune. Gidan Najiba ba shi da nisa daga nan, ta san unguwar. Ta ciro waya ta nemo sunan, ta mayar da ita jaka. Washegari ta shiga aji ta koya wa yara harafin "m".

Ta gaya wa Sulemanu ta haƙura. Ya ce, "To." Aka yi Kirsimeti, aka shiga rani, aka fara sharar gona. Jikinta ya huta da magani, ta ɗan yi ƙiba, matan zumunta suka ce gyambon ya warke. Amma ta kasa mantawa da ukun da suka rage. In tana wanke-wanke sai ta tuna suna can cikin sanyi a wani gari, babu wanda ya san da su sai ita da mutumin da ba ya so a ambace su. Ba ta san sunan da za ta kira su da shi ba, ko a cikin addu'a. Takan ce, "Ya Ubangiji, waɗancan," ta yi shiru. Ji take kamar ta kai yara gidan mutane ta ce tana zuwa, ba ta koma ba.

Da ruwan farko ya sauka ta koma Kaduna. Wannan karon shimfiɗar ta kai shida da rabi. Ba ta kira kowa ba. Ta ce a dasa.

Ya kama. Da ta karɓi sakamakon a Funtuwa ta sa aka sake karanta mata. A gida ta tarar da Sulemanu yana auna iri a tsakar gida, ta ce, "Maigida, akwai." Ya ajiye mudun. Ya zauna a kan buhu, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya kusa da shi, ba ta san ko ta taɓa shi ba. Da ya sauke hular sai ya ce, "Kar ki ƙara hawa babur."

Cikin bai zo da sauƙi ba. A wata na biyu ta ga jini, ta kwanta ba ta ko juyi, tana jiran abin da ya faru da ita a da ya sake faruwa. Jinin ya tsaya. Ba ta yarda ta yi farin ciki ba har cikin ya fito, gari ya ɗauka. Inna Uwa ta yi rawa a tsakar gida da tsufanta. A coci Fasto ya ambaci sunanta a kan bagade, mata suka yi guɗa, aka ce ta tashi ta ba da shaida. Ta miƙe ta ce, "Na gode wa Allah," ta zauna. Gaskiya ta faɗa, amma ta ji kamar ta ɓoye wa jama'a wani abu a bayan zane.

A wata na takwas ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau. Aka kwantar da ita a Zariya, daga baya aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Murna ta riƙa jan ƙafa zuwa ɗakin jarirai da ɗinki a ciki, ta tatsi nono a ƙaramin kofi a ba ta. Ranar da aka fara ɗora mata ita a ƙirji, ta lura ba ta neman fuskar kowa a jikin yarinyar. Numfashinta kawai take saurare.

Aka sa mata Hajo, sunan kakar Sulemanu. Ranar suna wasu ne suka tuƙa tuwo, Murna na zaune a ɗaki mata na shiga suna fita. Kowace ta karɓi jaririyar sai ta raba ta. Goshin na Sulemanu ne, wannan kowa ya yarda. Hancin kuwa aka ce na Murna ne sak, wata ta rantse yatsun na marigayi Buba ne. Murna na murmushi tana cewa, "Haka ne?" Tasalla ce kaɗai ba ta ce komai a kan kama ba. Ta riƙe jikarta ta daɗe tana dubanta, sannan ta ɗago ta ce, "Tana kama nono sosai kuwa?"

"Tana kamawa, Inna."

"To shi ke nan."

Yanzu Hajo na gudu a tsakar gida, ta cika gidan da surutu. Ƙarama ce a cikin sa'o'inta amma ba ta ciwo. Bahaguwa ce, abin da babu a dangin Sulemanu, babu a na Murna. Inna Uwa ta so a ɗaure mata hannun, Murna ta hana, kuma wannan ne karo na farko da ta musa wa surukarta. Wani lokaci tana kallon yarinyar na cin tuwo da hagu sai ta yi tunanin wata mace a wani wuri, wataƙila ta yi aure yanzu, wataƙila tana da nata. Takan yi mata addu'a ba suna. 'Yan tayi biyu na nan a Kaduna. Asibitin kan kira su tambayi abin da za a yi da su, Dakta Rukayya kuma ta ce wani cikin zai yi mata haɗari. Murna kan ce a ƙara mata lokaci.

Kwanakin baya wata matashiya daga zumunta, Atu, ta biyo ta gida bayan sujadar Lahadi. Shekarunta shida da aure. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen zane, ta yi ta zagaye-zagaye kafin ta ce, "Mama, don Allah, ina kika je?"

Murna ta dube ta. Ta kwatanta mata asibitin da motar da za ta hau daga tasha. Ta ce ta fita da wuri, ta ci abinci kafin ta shiga, ta riƙe ƙarin zane don ɗakin awon akwai sanyi. Ta ce duk abin da likita ta faɗa ta sa a maimaita mata har sai ta gane.

"Kuma kafin ki fara," ta ce, "ki nemi mutum ɗaya da za ki riƙa gaya wa komai. Ko ni ce."

Atu ta share ido ta yi godiya. Ta tambaya ko abin da za a yi mata shi ne aka yi wa Maman Hajo.

"Kowa da nasa," Murna ta ce. "Sai an duba ki."

Ta raka ta har bakin ƙofa. Sannan ta dawo ta sauke tukunya, ta kira Hajo ta zo a wanke mata hannu.